Wai da gaske kifi ne ke koya wa injiniyoyi aiki, ko daɗin bakin 'yan talla ne?

Malamin Kimiyya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga abin tattaunawarmu na yau. Kamfanin Lufthansa Technik na Jamus da kamfanin sinadarai na BASF sun ƙera wata siririyar leda da ake manna wa jikin jirgin sama, sunanta AeroSHARK. In ka kalle ta da ido sumul take, amma jikinta cike yake da ƙananan layuka masu tudun maikiromita 50, kusan kaurin silin gashi, an jera su suna bin hanyar da iska ke wucewa. Daga fatar kifin shak aka ɗauko tsarin. Kamfanin jiragen SWISS ya fara yawo da ita a jiragensa ƙirar Boeing 777 a 2022, kuma tana rage shan mai da kusan kashi 1 cikin 100. Ni dai ina ganin teku makaranta ce da ba a ma gama buɗe ƙofarta ba. Me kuka ce?

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Malam, kashi 1? Duk wannan kirarin a kan kashi 1? In bakanike ya ce min zai rage wa motata shan mai da kashi 1, ko kuɗin shayi ba zan ba shi ba.

Injiniya Kaduna: Baban Walid, motarka ba ta shan tan-tan na mai a tafiya guda. Jirgi irin wannan kusan kullum yana sama, daga wata nahiya zuwa wata. Lissafin da kamfanin ya bayar shi ne kowane jirgi ɗaya zai tsira da kusan tan 400 na mai a shekara. Ka ninka da yawan jiragen. A harkar jirgin sama ana faɗa a kan abin da bai kai haka ba.

Abin da ya fi burge ni ma shi ne ya saɓa wa tunanin da muka taso da shi, cewa abu in ya fi santsi ya fi gudu. Fatar shak ba ta da santsi ko kaɗan. In ka shafa ta daga wutsiya zuwa kai kaushi gare ta, har a da ana goge katako da ita. Jikinsa lulluɓe yake da ƙananan haƙora, kowane da 'yan tudu a bayansa. Ruwan da ke gab da jikin abu mai gudu ba ya tafiya miƙe, yana murɗewa yana yin ƙananan guguwa, su ne ke jan abin baya. Waɗannan layukan suna ɗage guguwar daga jiki, sai ta taɓa kan tudun kawai maimakon ta gogi fatar gaba ɗaya. Amma sai an daidaita tazarar layukan da saurin tafiyar. In suka yi faɗi da yawa, ƙara ja za su yi. A ɗakin gwaji a Balin, ragin ja mafi kyau da aka samu kusan kashi 10 ne.

Baban Walid: To na ji ta jirgi. Amma bari in faɗi abin da ke raina. Yawancin labaran nan bayan an gama ƙera abu ake nemo masa dabbar da za a jingina masa, don ya shiga kasuwa. Ku tuna rigar ninƙayar Speedo, Fastskin, wadda aka fito da ita lokacin gasar Olamfik ta Sidni a 2000. Duniya ta ɗauka, wai rigar fatar shak. A 2012 George Lauder na Jami'ar Harbad da abokin aikinsa suka gwada yadin a cikin ruwa mai gudana, suka ga zanen da ke jikinsa bai rage ja ba. Ina fatar shak ɗin?

Malamin Kimiyya: Gaskiya ne, amma ka ƙarasa labarin mana. A wannan binciken dai sun gwada ainihin fatar shak, suka kwatanta ta da wadda aka goge wa haƙoran. Mai haƙoran ta fi gudu da kusan kashi 12 cikin 100, in an ɗora ta a kan abu mai lanƙwasa irin yadda kifi ke kaɗa jiki. Ke nan dabbar ba ta yi ƙarya ba, kwaikwayon ne bai kai ba. Rigunan da suka zo daga baya suka riƙa karya tarihi a Beijin a 2008, matse jiki da irin robar da aka sa musu ne sirrinsu, shi ya sa hukumar ninƙaya ta duniya ta hana su daga 2010.

Baban Walid: Ai ka dawo kan maganata, Malam. Ga wata: Mercedes-Benz sun nuna mota a 2005, suka ce surar wani kifi mai kama da akwati suka bi, wai ya iya ratsa ruwa kuma ba ya tangaɗi. A 2015 masu bincike daga Jami'ar Antwaf ta Beljiyam suka auna, sai ga shi surar kifin nan ja take ƙarawa sosai, kuma ba ta tsayar da shi, saurin juyawa take ba shi don ya kurɗa tsakanin duwatsun murjani. Motar ta yi kyau, ban musa ba, amma injiniyoyi ne suka gyara ta, kifin hoto kawai ya bayar.

Hajiya Mai Atamfa: Subhanallah. Ni duk gardamarku ba ta dame ni ba, hikimar halittar nake kallo. Koyo daga dabba ai ba yau aka fara ba. A Suratul Ma'ida, hankaka ne ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda zai binne ɗan'uwansa. Ku ci gaba, ina karantawa.

Injiniya Kaduna: Allah ya ƙara girma, Hajiya. Baban Walid, bari in ba ka wanda ba za ka iya cewa talla ba ne, don shi daga dabbar aka fara, kuma littattafanmu na injiniya ne suka sha kunya.

Akwai wel mai doro, dabbar teku mai shayarwa da ke kai tan 30 ko fiye. Fukafukanta na gaba sukan kai mita 5, kusan sulusin tsawon jikinta, kuma a bakinsu na gaba akwai ƙulli-ƙulli a jere. Wani masanin halittu, Frank Fish na Jami'ar West Chester a Amurka, ya ga mutum-mutumin dabbar a wani kanti a Bostan, ya ɗauka maƙerin ne ya yi kuskure ya sa ƙullayen a gaba. Duk wanda ya karanta ilimin iska ya san bakin fiffike na gaba sumul ake yin sa. Da ya duba sai ya tarar haka dabbar take.

Ga matsalar da kowane fiffike ke da ita, na jirgi ne ko na fanka. Kana ƙara karkata shi, yana ƙara kama iska, har ka kai wani mizani da iskar za ta saki bayansa gaba ɗaya, ƙarfin ya ɓace lokaci guda. A 2004 Fish da abokan aikinsa suka gwada samfurin fiffike biyu a ramin gwajin iska, ɗaya sumul, ɗaya mai ƙulli. Mai ƙullin ya jure karkatawa da kusan kashi 40 cikin 100 fiye da ɗan'uwansa kafin iska ta sake shi. Ƙullayen suna raba iskar, suna tura ta cikin kwarin da ke tsakaninsu, sai ta ci gaba da manne wa fiffiken. Shi ya sa dabba mai wannan girma take iya yin kwana a matse, ta zagaye garken kifi da kumfar da take hurawa, ta taso ta ƙasa da baki buɗe. Daga nan aka kafa kamfanin WhalePower a Toronto ta Kanada, kuma an yi manyan fankokin masana'antu da wannan tsarin.

Ɗan Katsina: Yaya Injiniya, to me ya hana a sa wa fankokin lantarkinmu na Lambar Rimi? Guda 37 masu ba da megawat 10 aka tsara, kuma iskar wajenmu ba kullum take da ƙarfi ba.

Injiniya Kaduna: Ƙanena, ba ƙulli ne ya riƙe aikin Lambar Rimi shekara da shekaru ba, wannan wata muhawarar ce. Kuma gaskiya manyan masu ƙera fankokin lantarki ba su rungumi tsarin ba. Fankokin zamani suna juya fukafukansu da kansu gwargwadon iska, ba sa bari su kai inda iska za ta sake su, don haka amfanin ƙullin ya ragu. Ga kuɗin sake ƙera ma'aikata. Inda ya fi tasiri shi ne fanka mai juyawa a hankali.

Baban Walid: Alhamdu lillahi, da bakinka ka faɗa. Sama da shekara 20 da gwajin, har yanzu fankar silin.

Injiniya Kaduna: Ka ce talla ce, na nuna maka ba talla ba ce. Yanzu kuma ka koma kan ciniki. Tsaya wuri ɗaya mana, ranka ya daɗe.

Kafinta Sabon Gari: Ku bar ni in sa baki, don akwai wanda ya shafi sana'ata kai tsaye. Duk kafinta ya san warin sabon filawud, wanda ke sa ido hawaye in shago ba iska. Gam ɗin da ake haɗa fallayen da shi ne, akwai fomaldihaid a ciki. Na ji an ce a Amurka an samo wani gam daga dabbar ruwa. Malam, gaskiya ne?

Malamin Kimiyya: Gaskiya ne Malam Kafinta, sai dai ba daga jikin dabbar ake tatsar sa ba. Wata halitta ce mai ɓawo biyu, dangin makankari, tana manne wa duwatsun bakin teku da wasu zaruruwa da take fitarwa. Igiyar ruwa na dukanta dare da rana ba ta saki. Kai ka fi ni sani, gam da jiƙaƙƙen katako ba sa shiri, amma ita a cikin ruwan gishiri take yin nata mannin. A 1981 Herbert Waite ya gano cewa furotin ɗin da ke bakin zaren cike yake da wani sinadari da ake kira DOPA, wanda ke ture ruwa ya kama dutse ko ƙarfe kai tsaye. Daga baya Kaichang Li na Jami'ar Jihar Oregon ya ɗauki garin waken soya, ya sarrafa shi har ya riƙa kamu irin na dabbar. Kamfanin Columbia Forest Products ya fara yin filawud da shi a 2005, da sunan PureBond, ba fomaldihaid a gam ɗin. Wannan ba a ɗakin gwaji ya tsaya ba, ana sayarwa.

Kafinta Sabon Gari: Waken soya? Wanda muke awara da shi? Ikon Allah. Ga shi muna nomawa a Binuwai da Kaduna, mu kuma muna shaƙar wari.

Maman Ilham: Yaya Kafinta, don Allah ka riƙa buɗe tagogi. Fomaldihaid ɗin nan shi ne ke cikin fomalin da muke amfani da shi a asibiti, kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo kansa.

Tunda an taɓo asibiti, fatar shak ma ta shigo mana. Shak ba ya yin gansakuka a jiki yadda gindin jirgin ruwa ke yi. Sojojin ruwan Amurka suna kashe kuɗi sosai wajen kankare jiragensu, ga fentin gubar TBT da aka daɗe ana shafawa an hana shi a duniya tun 2008 saboda yana kashe halittun ruwa. Sojojin ruwan ne suka ɗauki nauyin binciken Anthony Brennan na Jami'ar Filorida, ya kwaikwayi jerin haƙoran fatar ya fitar da wani zane da ake kira Sharklet. Sai aka ga ƙwayoyin cuta ma suna shan wahalar zama a kansa su yi gida. Abin da ya ja hankalina, ba magani a ciki, ba ya kashe komai, surar wurin ce kawai ba ta ba su mazauni. Mu da muke fama da ƙwayoyin da suka daina jin magani, mun san darajar wannan. Amma kada wani ya ɗauka zai maye gurbin wanke hannu da goge gado.

Ɗan Katsina: Anti, duk na ji. Amma fa duk sunan da aka kira a nan na Amurka ne ko Turai. Mu da ko teku ba mu da ita a Arewa, wasunmu ba su taɓa ganin ta ba, ina ruwan biri da gada?

Ɗan Sarkawa: Yaro, tun ɗazu nake jiran wani ya faɗi haka. Ni a Yawuri na tashi, a bakin Kwara. Ka san gartsa? Dogon kifin nan mai sulke, wanda wuƙa ke zamewa a bayansa, mata ba sa son gyara shi. A 2008 Christine Ortiz da abokan aikinta a jami'ar MIT ta Amurka suka yanka ɓawonsa suka duba, da tallafin sojojin Amurka masu neman sulke mara nauyi. Suka tarar kowane ɓawo hawa huɗu ne, na sama mai tsananin tauri, kowane na ƙasa ya fi na samansa laushi har zuwa ƙashi. In wani kifi ya cije shi, tsagewar takan zagaye wurin cizon ta tsaya a nan, ba ta ratsa ɓawon. Kifin da muke turewa gefe a kwalekwale ke nan.

Ga yauni, wanda wasu ke ce wa ɗan sarki. Kowane masunci ya san yana tafiya da baya kamar yadda yake tafiya gaba, jikinsa a miƙe, dogon fiffiken bayansa kaɗai ke kaɗawa, kuma ba ya karo da komai ko a ruwa mai laka. A 1951 Hans Lissmann na Jami'ar Kambirij ya gano yana fitar da wata 'yar wutar lantarki mara ƙarfi daga wutsiya, da ita yake jin abin da ke kewaye da shi. Yau akwai masu ƙera na'urorin ninƙaya da ke bin irin wannan kaɗawar fiffike, akwai kuma masu gwada irin wannan ji da lantarki don aiki a ruwan da kyamara ba ta gani.

Hajiya Mai Atamfa: Baba, ba ka ambaci minjirya ba. Ita kam ko yaro ya san ta.

Ɗan Sarkawa: Hajiya, wanda ta taɓa ja ba ya mantawa. Malam zai fi ni bayanin ta.

Malamin Kimiyya: Ai a nan babban misalin yake, Baba. Batirin da ke cikin wayar kowannenmu, kakansa shi ne wanda Alessandro Volta na Italiya ya haɗa a 1800. Ya jera fallayen ƙarfe iri biyu, yana sa jiƙaƙƙen kwali tsakaninsu, ɗaya bisa ɗaya. A wasiƙar da ya aika Landan yana bayani, da kansa ya kwatanta abin da gaɓar lantarkin wani faffaɗan kifin teku mai ja irin na minjirya, wadda ita ma fallaye ne a jere, kowane yana ƙara ɗan ƙarfi a kan na baya. Baban Walid, shi ma ɗan talla ne?

Baban Walid: Volta na bar muku shi. Amma ga na'urar gano abu a ƙarƙashin ruwa da amsa-kuwwar sauti, wadda ake yawan cewa daga dabbar tekun nan dolfin aka koya. Paul Langevin na Faransa ya yi aikinta lokacin yaƙin duniya na farko, don farautar jiragen ƙarƙashin ruwa. Ba a tabbatar dolfin na yin haka ba sai daga shekarun 1950. Ka ga a nan mutum ne ya riga, da ilimin na'urar aka gane abin da dabbar take yi. Shi ma Lissmann ɗin Baba, da ba shi da na'urar auna lantarki, da kallon yauni kawai zai yi kamar kowa.

Injiniya Kaduna: Wannan kam magana ce. Ido kaɗai ba ya isa, sai da abin awo da kuma tambayar da ta dace. Dubi cikin ɓawon kawa mai ƙyalli. Kashi 95 cikin 100 nasa dangin alli ne, abin da ke farfashewa da hannu, amma ya fi allin jure karyewa sau dubbai. Sai da aka sa shi a madubin lantarki mai girmama ƙananan abubuwa aka ga gini ne irin na bulo da siminti: ƙananan fallaye a jere, furotin mai danƙo a tsakani, tsagewa ba ta samun miƙaƙƙiyar hanya. A Jami'ar McGill ta Kanada an yi gilashi mai jure duka da wannan dabarar.

Haka wani dangin jatan lande mai naushi. Hannunsa na fita da gudun mita 23 a daƙiƙa, yana fasa ɓawon ƙaguwa da na katantanwa, ya yi dubban duka hannun bai tarwatse ba. David Kisailus na Jami'ar Kalifoniya ya nuna a 2012 cewa zaruruwan cikinsa hawa-hawa suke, kowane hawa an ɗan juya shi kaɗan daga na ƙasa, don haka tsagewa sai ta yi ta murɗawa har ƙarfinta ya ƙare. Masu haɗa kayan jirgi da na wasanni daga zaren kabon suna gwada wannan jerin.

Baban Walid: Suna gwadawa. Kullum suna gwadawa. A 2015 ma an yi ta shela daga Jami'ar Fotsmos ta Ingila cewa haƙoran wata 'yar katantanwar dutse sun fi zaren gizo-gizo ƙarfi. Wa ya taɓa sayen abin da aka yi da su?

Maman Ilham: Baban Walid, daga Waite zuwa filawud ɗin Yaya Kafinta shekara 24 ce. Ka ba su lokaci.

Ɗan Katsina: Ni yanzu tambayata ta canza. Baba, ana samun gartsa a wannan lokacin? Muna da injin gwada taurin ƙarfe a sashenmu, kuma ban tsayar da aikin kammala karatu ba tukuna.

Injiniya Kaduna: Injin ƙarfe zai murƙushe ɓawon kafin ya ba ka lamba. Ka nemi mai auna ƙananan abubuwa, ka tambayi sashen ilimin kayan ƙira ko na haƙori. Kuma kada ka bar ɓawon ya bushe, a jiƙe ake gwada shi, busasshe wani abu ne daban.

Ɗan Sarkawa: Ana samu, ya fi yawa in ruwa ya fara janyewa daga fadama. Ka turo wani ranar kasuwar Yawuri da kula da ƙanƙara, zan sa yara su ware maka manya. Kuɗin mota dai naka ne.